Katin da Ban Sata Ba

Ranaku da yawa sun shige mini a aikin gyaran kwamfuta, wasu ko inuwarsu ban riƙe ba, amma ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da aka kira ni ɓarawo a tsakiyar layin masu gyara na kasuwar Garoua ba. Na san wasunku sun ji ɓurɓushin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da ya ƙara. Gara ku ajiye sukudireba ku ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

A lokacin ina aiki a shagon Alhaji Buba, wanda muke kira patiron. Shi ne mai shago, amma ko batirin linzamin kwamfuta bai iya canzawa ba. Ƙarƙashinsa akwai shef na atiliye, wato babban ma'aikacin ɗakin gyara, mai riƙe makullin kabad ɗin da ake ajiye injinan mutane da kayan gyara, sai masu gyara biyu a ƙarƙashin shef. Ni ne shef, shekarata bakwai a wurin, ina da mata da 'ya'ya uku. Idan aka kawo inji, akwai takardar karɓa da muke cikawa: sunan mai shi, irin injin, da ciwon da ya kawo shi. Lambobin kayan da ke cikinsa kuwa ba ma rubutawa, domin patiron ya ce ɓata lokaci ne, mutane na jira a waje.

Wajen ƙarshen bazara, lokacin da zafin Garoua ke sa ƙarfe ya gagari hannu, Alhaji Yaya na unguwar Poumpoumré ya kawo mana kwamfutarsa. Dillalin shanu ne babba, amma kafin nan ya yi shekaru yana tuƙa tirelar shanu zuwa kudu, har ciwon baya ya sauke shi daga mota. Ɗansa da ke Douala ne ya aiko masa da babbar kwamfutar tebur da sitiyari da totur, da wani wasa na tuƙin manyan motoci. Dattijo mai furfura, da ya dawo daga kara, wato kasuwar shanu, ya yi la'asar, sai ya zauna ya ɗauki kaya daga wannan gari zuwa wancan a kan allo. Da farko ya ce mini ta jikokinsa ce. Da na tambaye shi wace mota ce ta fi ƙarfin hawan tudu a wasan, sai da ya yi mini bayanin rabin awa.

Ciwonta a lokacin ba wani babba ba ne, zafi take yi ta mutu a tsakiyar tafiya. Na buɗe ta, na hure ƙurar, na sake man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta. A bayanta, cikin wani ramin da ba a soka masa waya, na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka har ya zuba tsutsa. Na kankare shi da tsinke. Sannan na haɗa komai a kan teburina, na kunna wasan, na tuƙa tirelar Alhaji da kaina wajen awa guda, ba ta yi ko tari ba. Da ya zo ɗauka tare da uwargidansa Hajiya Dudu, na nuna musu lakar a tafin hannuna, na ce: "Alhaji, ku kula da zanzaro. Duk ramin da ba a amfani da shi, gara a toshe." Suka yi godiya suka tafi.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Alhaji Yaya ya faɗo shagon ko sallama babu. A bayansa akwai Isiyaku, wani mai gyara da ke da rumfa a ƙarshen layinmu, mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi.

"Ina Dairun yake?" in ji Alhaji. "Fito, fito nan mutane su gan ka!"

Na fito ina goge hannu, na ce lafiya dai. Ya ce ina lafiya, tun da injin ya baro hannuna wasan bai ƙara tashi ba. Da an danna shi, allo ya yi baƙi kamar zai buɗe, sai ya tofo shi waje. Ya kira Isiyaku gida ya duba, Isiyaku kuwa ya gano abin da na yi.

A nan sai na yi muku bayani, ko don baƙin da ke zaune. Irin wannan kwamfuta tana da wani babban ƙarfe a ciki da ake kira katin hoto, mai fankoki biyu a jikinsa. Shi ne ke ɗaukar nauyin zana wasan a kan allo, shi ne kuma abu mafi daraja a cikin akwatin. Uwar injin ma tana da nata ɗan ƙaramin mai zana hoto, wanda ya isa rubutu da kallon bidiyo, amma ba zai iya da wasa mai nauyi ba.

Isiyaku ya gyara tsayuwa, ya yi magana da ƙarfi yadda masu sayar da caja na ƙetaren hanya za su ji. Ya ce ya cire wasan ya sake sakawa har sau biyu, bai tashi ba. Ya duba bayanan allo, ya ga sunan ƙaramin mai zana hoto ne ke fitowa. Ya buɗe murfin gefe, ya ga katin na nan, amma fankokinsa ko motsi ba sa yi. "Gawa ce aka sa masa," in ji shi. "An zare na asali, an maƙala mushe don a rufe ido. Ai mun san irin wannan aikin."

Mun san irin wannan aikin! Wallahi har yau ban manta da wannan kalma ba.

Alhaji ya nuna ni da yatsa ya ce ɓarawo da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya ƙarasa da Faransanci, don kada wani a layin ya ce bai gane ba. Mutane suka taru, har masu babur suka kashe inji suna leƙe. Na ce: "Alhaji, a kawo injin nan yanzu, a gaban kowa, in nuna maka." Ya ce: "In kawo maka ka mayar da abin da ka sata? Yana ɗakina na kulle. Ran Juma'a in ban ga katina ba, a komisariya, gaban 'yan sanda, za ka yi bayani." Na juya wurin Isiyaku, na tambaye shi ko ya duba wayoyin baya. Ya taɓe baki ya ce: "Ni za ka koya wa aiki? Komai na duba."

Zagin Alhaji ya yi mini ciwo, amma shi mutum ne da bai san aikin ba, an gaya masa magana ya ɗauka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne patiron. Mutumin da na yi wa shekara bakwai ko dunƙulen waya bai taɓa ɓata a hannuna ba, sai ga shi ya rusuna yana murza hannu, yana haɗa roƙo da Fulatanci: "Useni, Alhaji, useni, ka yi haƙuri. Ka san halin yaran yanzu." Yaran yanzu! Ni da babbar 'yata ta kusa shiga lise, wato babbar sakandare. Bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Ya miƙo hannu a gaban jama'a ya ce in ba shi makullin kabad, in tafi gida sai an ga abin da hali ya yi. Na kwance makullin daga ƙuguna na ajiye masa a kan tebur, don na san idan na sa masa a hannu, hannun nawa zai yi abin da za a yi da-na-sani.

Ku gane abin da ke kan faifai. Ba aikin shagon Alhaji Buba kaɗai ba ne. Mai gyara ba shi da komai sai yarda. Mutum zai miƙo maka akwatin da bai san abin da ke cikinsa ba, ya juya baya ya tafi. Ranar da aka ce kana zare kayan mutane, daga Garoua har Guider babu mai ƙara miƙo maka ko rediyo.

Kwana biyu ina gida ina juya abin a kaina kamar mai tankaɗe. Wasan da ke mutuwa tun a bakin ƙofa, dalilansa sanannu ne. Ko fayilolinsa sun lalace, amma an sake saka shi sau biyu. Ko manhajar katin ta ruɗe, amma ni na sabunta ta na gwada. Ko wutar da ke shiga katin ta yi kaɗan, ko ya goce daga mazauninsa da girgizar mota a hanyar gida. Maganar fanka kuwa ba hujja ba ce, domin katunan zamani ba sa juya fanka sai sun ji nauyin aiki, kowane mai gyara ya kamata ya san wannan. Maganar waya ta zo mini, na kore ta, na ce ba yadda za a yi mutumin da ya yi shekaru da rumfa ya kasa leƙa bayan inji. Kun ga wautata: shi ya shafa mini kashin kaji, ni kuma ina nan ina kyautata masa zato. Takardar karɓa ma na tuna da ita, sai na tuna babu lambar katin a ciki, ba ta da amfanin da za ta yi mini.

Matata Asta ce ta ce: "Zaman nan ba zai wanke ka ba. Tashi ka je wurin Malam Umaru." Malam Umaru tsohon mai gyaran rediyo ne, shi ne shugaban masu gyara na layin, duk rigimar da ta tashi gabansa ake kai ta. Na same shi na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Dairu, tsakaninka da Allah, ka taɓa katin nan?" Na ce na taɓa shi da burushi, na mayar da shi inda yake. Ya ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya je da kansa ya roƙi Alhaji Yaya, aka yarda da sharaɗi ɗaya: za a kunna injin a gabana, amma ba zan sa masa ko ɗan yatsa ba. Ni zan faɗa, Isiyaku ya aikata.

Ran Alhamis bayan azahar muka isa Poumpoumré, ni da Malam Umaru da Isiyaku. Patiron bai zo ba, wai yana da baƙi. Alhaji ya buɗe ɗakin yana harararmu. Allon da sitiyarin na kan tebur, akwatin injin kuma na cikin wani gurbi na katako a ƙasa, bayansa manne da bango, an lulluɓe samansa da ƙyalle mai ado. Na harɗe hannuwana a baya kamar ɗan fursuna, na ce a kunna.

Isiyaku ya danna wasan. Allo ya yi baƙi, ya ɗan yi jim, sai ga mu mun dawo inda muka fito. Na ce a sake. Haka dai. Na ce ya buɗe bayanan allo, ya buɗe, sunan ƙaramin ne kuwa kamar yadda ya faɗa. Ya waiwayo ya dubi Alhaji da irin kallon nan na "ba na gaya maka ba?" Na ce a raina, idan katin nan mutuwa ya yi don kansa a hanya, wa zai yarda da ni?

Na ce ya buɗe jerin duk kayan da injin ke gani a jikinsa, ba na allo kaɗai ba. Ya ce wannan ɓata lokaci ne. Malam Umaru ya ce: "Buɗe, Isiyaku." Ya buɗe. Sunan babban katin na nan zaune a ƙarƙashin na ƙaramin, ba alamar ciwo ko ɗaya a gefensa. Mushe ba ya amsa sunansa.

"A kashe," na ce. "A jawo akwatin waje, a juyo mana bayansa."

Isiyaku ya ce ai ya riga ya buɗe gefe ya ga komai. Na ce ban ce gefe ba, baya na ce. Ya durƙusa yana ƙunƙuni, ya jawo shi, ya juya.

Jama'a, layin ramukan ƙasa gaba ɗaya, wato ramukan babban katin inda ya kamata wayar allo ta shiga, an liƙe su da salatif mai ruwan ƙasa, an shafe shi sumul har gefe da gefe, aiki mai tsabta. Wayar allon kuwa tana can sama, soke a ramin uwar inji, kusa da na linzami. Kwana bakwai katin na zaune lafiyarsa lau, ba wanda ya ba shi aiki.

Alhaji ya ce: "Wannan kuma wa ya liƙe?"

Sai muryar Hajiya Dudu daga bakin ƙofa, ashe tana tsaye tana ji: "Ni ce. Ba Malam Dairu ne ya ce a toshe ramukan da ba a amfani da su ba, saboda zanzaro? Ranar da aka dawo da shi, da Alhaji ya sauke mu ya wuce kara, na ga wayoyin duk a sama suke taruwa, sai na bar na sama na rufe na ƙasa." Alhaji da ya zo haɗawa, ya laluba da hannu, ya sami rami ɗaya da wayar ta shiga daidai, ya soka, hoto ya fito, ya tura akwatin cikin gurbinsa.

Ban ga laifin Hajiya ba ko kaɗan. Maganata ta bi, kuma ni ne ban nuna mata wane rami ne wane ba. Wannan kason nawa ne, na ɗauka.

Isiyaku ya ɓare salatif ɗin, ya mayar da wayar ƙasa, ya kunna. Aka danna wasan. Allo ya yi baƙi, sai ga ƙugin injin tirela ya cika ɗakin, fankokin nan biyu da aka kira gawa suka fara juyawa a gaban idon kowa.

Kun san abin da Alhaji ya yi? Ya ja kujera ya zauna, ya kama sitiyari, yana dariya: "Allahu akbar, ga motata nan inda na bar ta!" Har ya sa giya. Ina tsaye a bayansa, hannuwana har lokacin a harɗe, ya manta da akwai ni a duniya. Isiyaku kuma ya share gumi ya ce: "Ai dama na so in duba nan ɗin."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce: "Ka so ka duba? Ka iya buɗe baki a kasuwa ka ce na yi sata, amma ka kasa durƙusawa ka juya akwati? Don kana son Alhaji ya zama naka, sai ka hau kan sunana ka tsaya? Isiyaku, ka ji tsoron Allah!" Malam Umaru ya riƙe mini kafaɗa. Na juya wurin mai gidan, na sassauta murya iyakar iyawata, na ce: "Alhaji, ba na neman komai a wurinka sai abu ɗaya. Inda ka tsaya ran Litinin ka kira ni ɓarawo, ka zo gobe ka tsaya a wurin, ka ce ba haka ba ne."

Bai ko saki sitiyarin ba. Ya ce: "Haba Dairu, ai magana ta wuce. Sharrin Shaiɗan ne. Allah ya rufa mana asiri gaba ɗaya."

Washegari Juma'a na je shago na zauna ina kallon hanya tun safe. Alhaji bai zo ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga wani mahauci da cinyar sa guda a kafaɗa, wai in ji Alhaji Yaya a ba mutanen shago. Haka manyanmu ke ba da haƙuri, nama ya yi magana a madadin baki. Patiron ya washe haƙora ya karɓa, ya miƙo mini makullin yana cewa: "Ni dama na san ba za ka aikata ba." Na dube shi na ce: "Ka sani, patiron? To ran Litinin ina ka ajiye sanin?" Ya yi kamar wayarsa na ƙara. Aka yanka naman aka ware mini kaso mafi girma, na ce su raba, ni da iyalina ba za mu ci ba. Kunnuwan da suka ji an ce ɓarawo sun fi ɗari, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da cinyar nan za ta kai gare shi.

Malam Umaru, Allah ya saka masa, ya bi rumfa rumfa yana faɗin gaskiyar abin da ya gani. Amma magana zarar bunu ce. Labarin sata yana da daɗin ji, labarin salatif ba mai tsayawa ya saurare shi har ƙarshe. Ban ƙara wata biyu a shagon ba na ajiye makullin da kaina, na buɗe wannan ɗan wurin da kuke zaune a ciki.

Bayan fiye da shekara, wata hajiya mai fataucin bandar kifi daga Lagdo ta kawo mini kwamfutar cinya ta 'yarta. Kafin ta miƙo, sai ta ce in buɗe ta a gabanta. Na buɗe. Ta ciro jan farce daga jaka, ta bi kowane ƙarfe na ciki tana ɗiga masa alama. Na tambaye ta dalili. Ta ce, ba tare da wata mugunta ba: "An ce mini duk garin nan ba wanda ya kai ka iya aiki, amma a sa maka ido." Na riƙe mata fitila har ta gama ɗigawa.

Abin da wannan ya koya mini game da sana'armu ba mai daɗi ba ne. Mu masu gyara, hanyar da muka fi sani ta jawo mai kaya ita ce ɓata wanda ya riga mu taɓa injin. Kafin mu kunna shi mun riga mun ce "wane jahili ne ya yi wannan?", don mai shi ya ga mun fi. Mai kaya bai san ciki ba, abin da muka faɗa shi ne gaskiyarsa, kuma da shi zai fita kasuwa. Saboda haka a shagon nan, ku duba waya kafin ku zargi ƙarfe, ku juya inji ta kowace fuska kafin ku zargi mutum, ku rubuta lambar kowane abu ko layi ya kai bakin titi. Duk wanda na ji ya ce wani mai gyara ya yi sata alhali bai gama bincike ba, ranar zai tattara kayansa. Alhaji ya sami motarsa cikin minti biyar, patiron ya ci nama, Isiyaku na nan a rumfarsa yana gaishe ni kullum. Ni kuwa har yau akwai masu shigowa nan da jan farce a jaka.